Littafin da Ake Komawa Gare Shi: Shu'aibu Makarfi da Masu Neman Sanyin Zuciya

Akwai wata tambaya da nazarin adabin Hausa bai saba yi ba. An saba tambayar mene ne jigon littafi, da yadda aka warware shi, da yadda zubi da tsarinsa suke, da irin salon da marubuci ya bi wajen sarrafa harshe. Waɗannan ma'aunai sun yi wa fagen nazari amfani ƙwarai, musamman tun daga lokacin da malamai irin su Abdulƙadir Ɗangambo suka daidaita su, ɗalibai suka sami turbar bi. Amma ba safai ake tambayar wane littafi ne mutum yake ɗaukowa ranar da ransa ya ɓaci ba, ko daren da barci ya ƙi zuwa, ko bayan an watse daga zaman makoki gida ya yi tsit. Littafin da aka karanta domin jarrabawa daban, wanda aka karanta domin a san ƙarshen labari daban, sa'an nan wanda ake komawa gare shi alhali an riga an san ƙarshensa, shi ma daban. Wannan na uku shi ne abin dubawa a wannan maƙala, kuma za a dube shi ta kan marubucin da ƙasar Makarfi ta bai wa adabin Hausa, watau Shu'aibu Makarfi, mai Zamanin Nan Namu (1959) da Jatau Na Kyallu (1960).

Dalilin zaɓensa shi ne akwai ɗaurin kai a cikin al'amarinsa. Littattafan nan biyu na faɗa ne da gargaɗi. Babu gida mai zaman lafiya a cikinsu da mai karatu zai yi sha'awar ya shiga ya huta. Duk da haka, wanda ya zauna da tsofaffin malaman makaranta a Makarfi ko Ikara ko Hunƙuyi ta ƙasar Kudan, hira ta gangaro kan karatun da, zai ji ana ambaton su da irin muryar da ake ambaton tsohon aboki. Yaya aka yi littafin da aka rubuta domin ya tayar da hankali ya koma abin kwantar da shi?

Tsohuwar al'adar neman sauƙi a littafi

Kafin a je ga Makarfi, ya kamata a tuna cewa Bahaushe bai jira boko ba kafin ya san littafi maganin ƙunci ne. Bayan Alƙur'ani mai girma, wanda matsayinsa ya wuce a jera shi da wani, littafin da ya fi zama a aljihun dattijo shi ne Dala'ilul Khairati na Shehu Muhammadu al-Jazuli, mutumin Maroko, wanda ya rasu a 1465. Mai Dala'ilu ba labari yake nema a ciki ba. Ya san abin da ke shafin gaba, watakila ma ya haddace shi, amma yakan buɗe ya bi layi da yatsa, domin natsuwar tana cikin maimaitawar ne. Haka Ishiriniya take a daren Mauludi. A adabin Larabci kuwa akwai wani nau'in rubutu sukutum da aka gina a kan samun sauƙi bayan tsanani, wanda littafin alƙali al-Tanukhi (ya rasu a 994), Al-Faraj ba'd al-Shidda, ya fi shahara a cikinsa. Daga wannan tushen kalma ne Aliyu Namangi na Zariya (1894–1990) ya samo sunan Imfiraji, watau yayewar baƙin ciki. Abin lura a nan shi ne Imfiraji cike take da ambaton mutuwa da kabari da hisabi, amma sunanta sauƙi take alkawari, kuma masu saurarenta daga bakin makafi a ƙofar gida ko a tasha sauƙin suke samu. Ashe ke nan tun can asali gargaɗi da lallashi ba abokan gāba ba ne a kunnen Bahaushe.

Da boko ya zo, Abubakar Imam (1911–1981) ne ya gaji wannan gurbi. Ba a bukatar dogon bayani a kan farin jinin Ruwan Bagaja, wanda ya fito daga gasar da Hukumar Talifi ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Rupert East, ko na Magana Jari Ce, wanda aka buga kashi uku tsakanin 1937 da 1939. Abu ɗaya ne kawai ya cancanci a tsaya a kansa, domin ba a cika kula da shi ba. Ƙashin bayan littafi na farko na Magana Jari Ce shi kansa labarin lallashi ne. Musa ɗan Sarki Abdurrahman ransa a dagule yake, yana so ya fita ya bi Mahmudu wajen yaƙi, Waziri kuma ya ɗana masa tarko a waje. Aku ba shi da takobi, ba shi da ikon ɗaure ɗan sarki. Abin da yake da shi labari ne, da shi yake riƙe yaron har gari ya waye. Watau Imam ya rubuta littafin da yake nuna aikin da shi kansa littafin zai yi wa mai karatu: ya tsare shi a ɗaki har daren damuwa ya wuce. Saboda haka babu mamaki idan aka ce ana komawa ga Imam. Duniyarsa duniya ce da wayo yake cin nasara, azzalumi yake kunyata, dariya kuma ba ta yankewa. Ko Malam Zurƙe ɗan Muhamman, duk da irin ƙullin da ke tsakaninsa da Alhaji Imam, ba ya barin ɗaci a bakin mai karatu.

Makarfi ba haka yake ba, shi ya sa al'amarinsa ya fi koyarwa.

Muryar da ta fito daga akwatin rediyo

Wasannin Shu'aibu Makarfi kunne aka fara yi wa su kafin ido. An watsa su a gidan rediyo a Kaduna a shekarun 1950, daga baya aka mayar da su littafi a Zariya, a ƙarshen zamanin hukumar NORLA, wadda aka kafa domin samar wa ɗaliban Yaƙi da Jahilci abin karantawa, aka kuma rufe ta a 1959. Kafin su, rubutaccen wasan kwaikwayo na Hausa bai wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba: akwai Six Hausa Plays na East, akwai Wasan Marafa na Abubakar Tunau (1949), dukansu kuwa ɗan makaranta aka nufa da su. Makarfi ne ya fitar da wasan daga aji ya kai shi zaure da tsakar gida da kasuwa da gaban alƙali.

Wannan asali na rediyo shi ne mabuɗin farko. Marubucin da ya san ba za a ga fuskar ɗan wasansa ba dole ya zuba halin mutum gaba ɗaya a cikin maganarsa. Dole a gane dattijo daga yadda yake jan gaisuwa, a gane dillaliya daga yadda take kewaye-kewaye kafin ta sauka kan abin da ya kawo ta, a gane mai neman bashi tun daga sallamarsa. Shi ya sa Hausar littattafan nan take cike da karin magana da habaici da gatse da baƙar magana, ba a matsayin ado da aka liƙa daga waje ba, a matsayin makaman da mutane suke faɗa da su. Ɗalibi yakan tsamo karin maganganun ya jera su a takardar jarrabawa a ƙarƙashin "sarrafa harshe", ya sami maki, amma ya bar abin da ya fi muhimmanci a baya, watau wa ya faɗa wa wa, a gaban wa, kuma me ya hana shi faɗa kai tsaye.

To, mai karatun da ya manyanta, idan ya koma ga waɗannan shafuka, ba Jatau yake nema ba. Muryoyi yake nema. Yana jin yadda kakarsa take magana, da yadda abokan mahaifinsa suke zolayar juna a dakalin ƙofar gida bayan la'asar. Ƙasar Makarfi da Kudan ƙasar rake ce da mazarƙwaila, ƙasar fadama da cinikin amfanin gona, inda ake daɗewa ana ciniki kafin a ce "albarka" ko a sallama, kuma mutumin da ya tashi a irin wannan wuri ya san magana sana'a ce mai ƙa'ida. Yau da yawa daga cikin masu wannan irin magana sun kwanta dama, 'ya'yansu kuma suna Kaduna ko Abuja suna surka Hausa da Ingilishi. Littafin ya zama wurin da aka adana muryar. Wannan ɗebe kewa ne a ma'anarsa ta asali: kewar mutane ce ake ɗebewa, ba zaman banza ake kashewa ba.

Sunayen littattafan

Yana da kyau a dakata a kan sunayen da Makarfi ya zaɓa, domin rabin aikin a nan aka yi shi.

A ɗauki Zamanin Nan Namu. Mai wa'azi da ya tsaya a kan mumbari yakan ce "mutanen zamani", ya ware kansa, ya nuna su da yatsa. Makarfi bai ce zamaninsu ba, bai ce zamaninku ba. Ya ce namu. Da wannan 'yar kalma ya shigar da kansa cikin masu laifi, ya shigar da mai sauraro, ya mayar da faɗan ya zama irin wanda ake yi a cikin gida, ƙofa a rufe. Faɗan da aka yi wa mutum shi kaɗai yana da zafi. Wanda aka ce "duk haka muke" yana zuwa da sauƙinsa. Mahaifin da 'yarsa ta gagare shi, idan ya karanta, abin da zai fara samu ba shawara ba ce, shaida ce cewa ba a kansa aka fara ba.

Sa'an nan ga kalmar "nan". Kalma ce mai nuni, ba ta da mazauni sai inda mai magana yake tsaye. A 1959 tana nufin shekarar da Jihar Arewa ta sami mulkin kai, zamanin kuɗin gyaɗa da auduga, da motocin haya, da bariki, da samarin da suka fara samun abin kansu ba ta hannun iyaye ba. Wanda ya buɗe littafin a 1985 kuwa, "nan" ɗinsa wani ne daban, haka wanda ya buɗe shi bana. Sunan ba ya tsufa, domin kowane mai karatu yana cika shi da nasa zamanin.

Wasan farko a cikin littafin sunansa "Malam Maidala'ilu", na biyu "'Yar Masu Gida". Ga wanda ya san matsayin Dala'ilu da aka ambata a sama, laƙabin nan ba ƙaramin abu ba ne: an ɗauki mutumin da aka san shi da littafin natsuwa, an sa shi a tsakiyar zamanin da ba ya barin kowa ya natsu. Tun kafin a buɗe baki a wasan an riga an gwama tsohuwar duniya da sabuwa.

Jatau Na Kyallu kuwa siffar kirari gare shi. Bahaushe yakan jingina namiji ga sunan mace domin yabo, a ce na wance, ana nufin ƙanwarsa ko 'yarsa ko matarsa, shi kuma ya ji kansa ya yi girma. Makarfi ya ɗauki wannan siffa ta yabo ya juya ta ta koma zambo. Jatau magidanci ne mai abin hannu wanda ya ɗauko Kyallu, mace mai zaman kanta, ya kai gidansa, bai ji gargaɗin masu gargaɗi ba, har gida ya watse dukiya ta bi iska. "Na" ɗin da ke cikin sunan ta tashi daga jingina ta koma mallaka: ba Kyallu ce ta Jatau ba, Jatau ne na Kyallu. Duk wanda ya ji sunan da kunnen Hausa ya san inda za a kwana.

Sanin ƙarshe

Wannan ya kawo magana kan mabuɗi na biyu. Ana yawan kushe wasannin Makarfi, da ma yawancin rubuce-rubucen zamaninsa, da cewa ƙarshensu a fili yake tun daga farko, babu jan rai. Kushen yana da gaskiya idan karatun farko ake magana. Amma littafin komawa ba da ma'aunin karatun farko ake auna shi ba. Mutumin da hankalinsa ya tashi ba ya son a ƙara masa zullumi. Rayuwarsa ta riga ta cika da abubuwan da bai san ƙarshensu ba: jinyar da ba a san ranar warkewarta ba, kuɗin fansho da ba a san ranar fitowarsu ba, ɗan da ya gama makaranta yana zaune. Abin da yake so shi ne wurin da sababi yake haifar da sakamakonsa ba tare da kuskure ba. A duniyar Jatau, wanda ya ƙi ji yakan gani, kuma yakan gani a kan lokaci, kafin a rufe littafi. A duniyar da mai karatu yake ciki kuwa, sau da yawa wanda ya ƙi ji shi ne yake hawa babbar mota. Saboda haka faɗuwar Jatau, duk da cewa abin tausayi ce, tana tabbatar wa mai karatu cewa akwai tsari a cikin al'amura. Nan ne Makarfi ya haɗu da Namangi: dukansu suna tsoratarwa, amma tsoratarwar da ke cewa ba a bar duniya sakaka ba.

Sai dai a nan ne kuma ya wajaba manazarci ya yi hattara, domin akwai sanyin zuciya na gaskiya, akwai na ruɗi.

Zamanin da aka yi kuka da shi ya zama abin bege

Abin da ya fi ban mamaki a karatun da ake yi wa Makarfi yau shi ne yadda ake ɗaukar littattafansa a matsayin hoton "lokacin da duniya take kwance". Mai karatu yakan rufe Zamanin Nan Namu ya yi ajiyar zuciya ya ce Allah ya jiƙan mutanen da, lokacin ana jin maganar iyaye. Alhali littafin da ke hannunsa cewa yake yi ba a ji. An rubuta shi ne a tsakiyar zamanin Sardauna, wanda yanzu ake kallo a matsayin ma'aunin kowane alheri, kuma marubucin da ya rayu a cikinsa lalacewar tarbiyya ya gani, da kwaɗayi, da rushewar kunya. Ba shi kaɗai ba ne. Mu'azu Haɗeja, wanda ya rasu a 1958, ya yi waƙoƙi a kan giya da karuwanci a daidai wannan lokaci, ba kuwa don babu su ya yi ba.

Watau mai karatu ya ɗauki littafin kuka ya mayar da shi littafin bege. Yana tsallake abin da 'yan wasa suke faɗa, yana riƙe yadda suke faɗarsa. Tufafinsu da gaisuwarsu da sulai da fam-fam da suke ƙirgawa sun rufe masa ido daga ganin cewa mutanen nan a cikin rikici suke. Wannan karatu yana da daɗi, amma ya saɓa wa littafin, kuma yana da illa a aji. Malamin da ya koyar da Makarfi a matsayin shaidar cewa da can komai lafiya lau, yanzu ne aka lalace, ya ɗora wa ɗalibansa laifin da kakanninsu ma an ɗora musu, ya kuma hana su ganin abin da ya fi amfani: cewa kukan zamani tsohon nau'i ne na magana, kowane ƙarni yana yin nasa, kuma al'ummar da aka ce ta rushe a 1959 ita ce ta haifi dattawan da ake girmamawa yau. Wannan fahimta ita ma tana sanyaya zuciya, ta ma fi ɗorewa, amma ba a samun ta sai an karanta abin da ke shafin da gaske.

Ba laifi ba ne a yarda cewa manhaja tana da hannu a wannan bege. Littattafan Imam da na Makarfi sun daɗe a cikin jerin waɗanda ake karantawa a makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai, kamfanin NNPC da aka kafa a Zariya a 1966 ya yi ta sake buga su. Mutum yakan so littafin da ya karanta yana ɗan shekara 15 saboda shekara 15 ɗin, ba lalle saboda littafin ba. Abin da ya raba Makarfi da wasu da aka karanta tare da shi aka manta shi ne, idan an koma, ana tarar da wani abu a wurin.

Sanyin zuciyar wa?

Saura tambaya mafi nauyi. An yi ta cewa "mai karatu" tun daga farkon wannan maƙala kamar mutum ɗaya ne, alhali wanda aka siffanta namiji ne, mai shekaru, wanda ya yi boko. Natsuwar da Jatau Na Kyallu yake bayarwa an gina ta ne a kan wani tsari: namiji ya yi wauta, amma mace ce musabbabin halaka. Kyallu ita ce ƙofar da ɓarna ta shigo ta cikinta. Wasan ya fi damuwa da abin da ta yi wa gidan Jatau fiye da abin da ya fitar da ita daga nata gidan tun farko. Magidanci zai iya rufe littafin yana mai cewa Allah ya raba mu da irin su Kyallu, ya kwanta da sauƙi. Matar da aka kora da 'ya'ya domin a kawo wata, ba lalle ta sami kanta a tsakiyar labarin ba, ko da yake a kanta abin ya faɗo.

Shekara 30 bayan fitowar wasan, a 1990, Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a Kano. Wanda ya ajiye littattafan biyu gefe da gefe zai ga ƙashin bayansu kusan ɗaya ne. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne, ya auro Delu, mace mai zaman kanta, ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta, daga baya dukiyarsa ta salwanta. Jatau ne da Kyallu aka sake haifa. Bambancin shi ne inda aka tsayar da mai karatu. Makarfi ya tsayar da shi a zaure, tare da maza, yana kallon faɗuwar mai gida. Balaraba ta shigar da shi ɗakin Rabi, ta sa ya ga yadda ake neman kuɗin makaranta da sayar da abinci, da yadda ake aurar da 'ya ba uba a kusa. Ƙarshen ma ba ta bar shi ya yi daɗi ba: bayan Alhaji Abdu ya tsiyace, Rabin da ta riga ta tsaya da ƙafafunta ita aka matsa wa ta koma ta ɗauki nauyinsa. Sakamako ya zo kamar yadda ya zo wa Jatau, sai dai wadda aka zalunta ita ce ta biya rabin kuɗinsa.

Wannan littafi da ire-irensa, waɗanda aka yi wa laƙabin Adabin Kasuwar Kano, sun sha suka daga manazarta a shekarun 1990, ana cewa ba su kai matsayin na Zariya ba, har ana zarginsu da ɓata tarbiyya, zargin da, abin dariya, shi ne jigon Zamanin Nan Namu. Amma idan da ma'aunin komawa za a auna, sai a ga su ne littattafan da mata suke ajiyewa a ƙarƙashin katifa, suna ara wa juna har bango ya cire, a Ikara kamar yadda ake yi a Fagge. Matar aure da ke karanta Balaraba ko Bilkisu Funtuwa a karo na huɗu, abin da tsohon malami yake nema wajen Makarfi shi take nema: muryar da ta sani, da shaidar cewa ba a kanta aka fara ba. An fassara Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Ingilishi, fassarar Aliyu Kamal, aka buga a Indiya a 2012, abin da ya sa wasu da suka raina shi a gida suka sake dubawa.

Faɗin haka ba rage wa Makarfi daraja ba ne. Shi ne ya fara kawo rikicin cikin gidan Bahaushe a rubuce da muryoyin masu gidan, kuma da bai buɗe zauren ba da wuya a kai ga ɗakin. Wasannin da suka biyo baya, irin su Uwar Gulma na Mohammed Sada da Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan, a kan turbarsa suka taka. Abin da ake cewa shi ne, wanda zai yi nazarin littafin komawa dole ya tambayi wanda yake komawar, domin abin da ya sanyaya wa mai gida rai yana iya zama shi ne ya ƙona na uwargida.

Akwai abin da wannan yake nufi ga masu koyarwa. Wasan da aka yi wa kunne, idan aka karanta shi shiru ana neman jigo da ƙananan jigogi, an kashe rabinsa. A makarantun ƙasar da ta haifi marubucin, inda yara har yanzu suke jin irin wannan Hausa a bakin kakanninsu da wajen masu awon rake, abin da ya fi dacewa shi ne a raba musu 'yan wasa su karanta da babbar murya, a bar su su yi dariya inda abin dariya yake. Sa'an nan a ba 'yan matan ajin dama su faɗi abin da suke tsammani Kyallu za ta ce da an tambaye ta, a kuma kawo Rabi a ajiye ta kusa da matan Jatau a ga abin da za su gaya wa juna.